Sa Hannun Mai Firji

A masana'antar kowa Mai Firji yake ce masa, duk da cewa a cikin akwatunan ƙarfe biyar da yake kula da su ɗaya ne kawai mai sanyi. Sauran huɗun zafi suke yi, da gangan, don a ga yadda magani zai tsufa. A shekarunsa na farko ya sha yin wannan bayani, ga direbobi, ga masu shara, har ga Manaja. Sai ya lura duk wanda ya gama yi wa bayanin yakan gyaɗa kai ya ce, "To, mun gode, Mai Firji." Daga nan ya haƙura ya fara amsawa.

A gida kuwa Dakta ne. Dangi ba su taɓa rarrabe likita da wanda ya karanci ƙirƙirar magunguna ba, shi ma bai matsa ba, don sunan ya fi na wurin aiki daɗin ji. Wahalarsa ɗaya ce: duk wanda ya zo gaisuwa, kafin ya tashi sai ya naɗe ƙafar wando ya nuna masa ƙurji.

Abin da ya karanta a jami'a shi ne yadda ake nemo sabon magani. A ɗauki ciwon da ya gagara, a bi sinadarai ɗaya bayan ɗaya, har a dace da wanda zai kashe ciwon ya bar mai ciwon da ransa. Su ne ɗaliban farko na sashen, su ashirin da uku. Ranar da aka yaye su, shugaban sashe ya cire tabarau ya ce nan da shekara goma asibitoci za su riƙa kiran sunayensu. Bai yi ƙarya duka ba. Bakwai daga cikinsu sun zama 'yan tallan magani, kullum suna kan bencin asibiti da jakar kalanda da biro, ana kiran sunansu idan likita ya gama da marasa lafiya. Huɗu sun shiga banki, uku suna koyarwa, ɗaya ya buɗe gidan kaji, kuma a iya sanin Mai Firji mai kajin nan kaɗai ne a ajin yake haɗa magani da hannunsa, a bokiti. Dogo, wanda suka yi zaman benci ɗaya shekara huɗu, ya tafi ƙaro karatu aka daina jin ɗuriyarsa. Shi kuwa Mai Firji ya samu aiki a fanninsa. Haka ake faɗa a taron tsofaffin ɗalibai, da ɗan ƙyashi a murya, shi kuma ya sunkuyar da kai kamar mai tawali'u.

Ga aikin. Idan masana'anta ta yi sabon zubin magani, ƙwaya ne ko na ruwa, sai a ware kwalaye a kawo masa ya jera a cikin akwatunan. Bayan wata uku ya ciro kaɗan ya miƙa ɗakin gwaji da ke tsallaken baranda, su duba ko maganin yana nan da ƙarfinsa. A wata na shida ya sake. Na tara, na sha biyu, na sha takwas, na ashirin da huɗu, na talatin da shida. Daga abin da ya rubuta ake samo ranar nan da ake bugawa a gindin kwalba, wadda ba mai dubawa sai bayan ya sha. Safe da yamma ya karanta ma'aunin zafi da na danshi ya rubuta. Ɗakin ba taga, don rana tana ɓata gwaji. Akwai tebur, da kujera mai juyawa da ta daina juyawa, da ƙugin injuna wanda ya zauna masa a kunne har ranar hutu yakan ji gidansa ya cika shiru.

Kowane zubi da littafinsa. Ƙa'idar gidan ita ce, wanda ya sa hannu a shafin farko shi ke da littafin har a rufe shi a wata na talatin da shida. Mai buɗaɗɗen littafi ba a ba shi takardar sallama, sai in ya kawo mai digiri irin nasa ya miƙa masa, kwamitin inganci kuma ya amince, kwamitin da sau ɗaya yake zama a wata uku. A wannan sana'a kuwa, wanda ba shi da takardar sallama ko gadi ba a ba shi a gidan magani. Ba mugunta aka nufa da ƙa'idar ba. Abin dai shi ne, kafin littafi ɗaya ya rufe an buɗe uku. Tsohon da ya gada ya gaya masa, ranar miƙa aiki, cewa wuri ne na ɗan jan numfashi, ya yi shekara biyu ya ƙara gaba. Mai Firji yana tuna yadda tsohon ya fita yana murmushi, da sauri, har ya manta kofinsa. Da kofin nan ya yi shekara goma sha tara yana shan shayi.

Yana da shekara arba'in da bakwai Dogo ya kira shi. Muryar tana nan, sai dai ta yi kauri irin na mutumin da aka saba saurara. Ya ce ya dawo, an ba shi wani sashe a sabuwar cibiyar bincike, suna aiki a kan wani maganin ciwon hanta da yake yin abin da ake so a ɗakin gwaji, amma da ya ji zafi sai ya lalace. Ya ce ya tattara matasa masu kaifin ƙwaƙwalwa, ba ɗaya a cikinsu da ya taɓa zama ya ga magani ya tsufa. Yana son wanda ya zauna. Mai Firji ya ce in dai zama ne, an zo wurin. Bayan kwana biyu takarda ta iso da sharaɗi guda: ya kawo takardar sallama kafin ƙarshen watan gobe, in ya wuce haka gurbin ya tafi ga wani, don masu ɗaukar nauyin aikin ba sa jira.

Ya karanta takardar a tsaye, ya karanta a zaune, ya kai wa matarsa a ɗakin ɗinkinta. Ta cire allurar da ke bakinta, ta karanta, ta tambaye shi wa zai bar wa firjin. Ya ce yana tunani. Ta ce ba tunani yake ba, kunya yake ji, don su biyun sun san mutum ɗaya ne a duk faɗin dangi da maƙwabta mai irin takardarsa.

'Yar Yaya ce. Yaya ita ta goya shi yana ƙarami, ba ta kuma taɓa bari ya manta ba. 'Yarta ta fari ta tashi tana ganin Kawu Dakta da farar riga a hoto, da ta isa shiga jami'a ta ce ita ma abin da Kawu ya karanta za ta karanta. A lokacin an zo neman shawararsa, ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya ga yadda ake kallonsa a falon, ya ce fanni ne mai gaba. Yarinya ta fito da sakamakon da ya fi nasa. Shekara biyu ke nan tana bayan kantar wani shagon magani, inda abin da ta fi sayarwa sabulu ne da audugar jarirai. Duk haɗuwar dangi Yaya takan ce, ba da kowa take ba, wasu dai sun iya nuna wa 'ya'yan mutane hanyar da ba ta ɓullewa.

Ya je gidan Yaya da yamma, aka ba shi kujerar baƙi. Ya yi bayanin aikin yadda mai sayar da tsohuwar mota yake yi, ba ƙarya, ba kuma duka ba. Ya ce ɗaki ne mai natsuwa, ba mai takura maka, ga inuwa. Yaya ta fara sa albarka tun bai kai aya ba. 'Yar ce ta tsare shi da ido.

"Kawu, akwai bincike a ciki?"

"Akwai jira," ya ce. "Jiran ma, in kin duba, wani irin bincike ne."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake. A hanyar komawa gida ya kama kansa yana murmushi, yana kuma sauri, sai ya tuna inda ya taɓa ganin irin wannan tafiyar. Ya rage sauri, amma murmushin ya ƙi tafiya.

Abin ya zo da sauƙin da ya ba shi tsoro. Kwamiti yana da zama a makon, aka duba takardunta aka amince. Aka jera littattafansa da ke buɗe, arba'in da ɗaya, aka rufe jerin da hatimi. Shugabar sashen inganci ce ta karanta masa sharuɗɗan. Jan Biro ake ce mata a bayan ido, ta kuma sani, har ma an ce ita ta fi kowa son sunan. Shekara goma sha biyar suna aiki tare, bai taɓa ganin ta ɗaga murya ba, bai kuma taɓa ganin ta bar waƙafi a inda bai dace ba. Ta ce mako uku zai koya wa yarinyar aiki, ranar Alhamis ta ƙarshen wata a yi miƙawa a ba shi takardarsa. Daga yau kuma duk sabon littafin da ya shigo nata ne. Kada alƙalaminsa ya taɓa shafin farko na komai.

Yarinyar ta kama aikin cikin kwana huɗu, abin da ya ɗan ɓata masa rai, don ya so a ce aikin shekara goma sha tara ya fi haka wuya. Sauran kwanakin tambayoyi ta riƙa yi. Me ya sa wannan ƙwayar take yin rawaya a wata na tara, waccan ba ta yi? Wane ɓangare na sinadarin ne danshi yake kamawa? Ya san wadda za ta yi rawaya tun kafin ta yi, kamar yadda uwa take sanin ɗan da zai yi mura, amma dalilin ya bar shi a wani aji mai fanka ɗaya shekaru da yawa da suka wuce. Sai ya ce mata tambaya ce mai kyau, ta je ta bincika, haka ake koyo.

Ranar hutu da hantsi ya hau kujera ya sauko da kundin digirinsa daga saman kabad. Shafin godiya ya gane shi sarai. Gabatarwa ma ba laifi. A shafi na arba'in ya tarar da wani zane na zobba da sanduna da kibiyoyi, da bayani a ƙasa wanda wani saurayi mai ƙarfin hali ya rubuta, har da cewa "a bayyane yake". Ya juya kundin ta gefe ko zai bayyana. Matarsa ta leƙo ta same shi a haka, ta tambaya ko lafiya. Ya ce yana ɗan tuna baya ne. Ta ce to ya tuna a hankali, ya yi gumi.

Daga ranar tunani ɗaya ya ƙi barinsa. Yakan hango kansa a cibiyar, a tsakiyar matasan Dogo, an juyo ana jiran ya yi magana, shi kuma abin da ya sani duka shi ne kwalba mai ruwan ƙasa ta fi fara haƙuri. Bai gaya wa kowa ba. Ya sayi sabon takalmi.

Ranar Talata, saura kwana tara, aka kira 'Yar Yaya ofishin ma'aikata da safe a ɗauki hotonta na katin aiki. Yana shi kaɗai wayarsa ta yi ƙara. Dogo ne, yana tambaya ko ya fi son tebur kusa da taga ko kusa da ƙofa. Mai Firji ya miƙe tsaye don amsa wannan tambaya. Yana cikin cewa shi ba shi da zaɓi, amma in taga ba ta da mai ita to ba zai ƙi ba, sai ga Mai Sito ya turo kurarsa, kamar yadda ya saba tun kafin gashinsu ya yi fari su biyun. Kwalayen maganin tari ne, sabon zubi. Kurar ba ta shiga ƙofar, don haka a baranda yake barinta, ya shigo da littafin a buɗe a shafin farko, ya miƙa, yana ba da labarin haƙorinsa da ya hana shi cin nama. Kunne ɗaya na wurin Dogo, ɗaya na wurin haƙori. Hannun dama kuwa ba wanda ya ba shi aiki, sai ya nemi nasa. Ya zaro biro daga aljihu, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, ya dubi agogon bango ya rubuta tara da minti goma. Rubutu mai kyau, ba karkata.

Ƙarfe goma Jan Biro ta zo wucewa ta ga kwalaye a baranda. Ta shigo ta ɗauki littafin daga kan tebur. Ta daɗe tana kallon shafin, fiye da yadda karatunsa yake bukata, sannan ta juyo da shi ta sa yatsa a layin da ke saman sa hannun. Layi ne da ya haddace har ya daina gani: na ƙirga kwalayen nan, na duba lambobinsu, na sa su a akwati da hannuna.

Ya dubi layin, ya dubi ƙofa, inda gefen kurar yake leƙowa da kwalayenta a ɗaure, ko igiyar ba a kwance ba.

Mai Sito, da aka kira, ya kawo shawarar da kowane mai hankali zai kawo: a zuba kwalayen a akwati yanzu, magana ta mutu, minti hamsin ba ya kashe maganin tari. Jan Biro ta ce ko da ta makance ta yarda da haka, littafin ya zama na Mai Firji, na arba'in da biyu, ba ya cikin jerin da aka buga wa hatimi, kwamiti kuma sai nan da wata uku. Mai Sito ya ce to a yage shafin. Shafukan da lamba, kuma a gidan nan an fi yafe wa wanda ya fasa injin a kan wanda ya yage takarda. Ya ja jiki ya koma sito da haƙorinsa.

Hanya ɗaya ta rage, ita ce ta kullum. A ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, a sa hannu a gefe, a cika takardar bayani. 'Yar Yaya ta dawo daga ɗaukar hoto da sabon kati a wuya, aka ce ta zauna ta zama shaida, tunda ɗakin nata ne nan da kwana tara. Jan Biro ta ja kujerar da ba ta juyawa ta zauna, shi yana tsaye a ɗakinsa kamar baƙo. Ta cika sunan zubi, da lokaci, da abin da ya faru. Da ta iso tambaya ta biyar sai ta ajiye biron.

Ta yi masa bayani dalla-dalla, kamar bai san takardar ba. Tambayar ita ce ko irin wannan ya taɓa faruwa a baya. In amsar a'a ce, kuskure ne na rana ɗaya, shafi ɗaya, ta rufe shi kafin Juma'a, littafin ya koma hannun yarinya, shi kuma ya karɓi takardarsa ranar da aka sa. In amsar wani abu ce ban da a'a, dole a buɗe duk littafin da ya taɓa sa wa hannu a duba, kuma ba a sallamar wanda ake bincike a kansa. Ta faɗi wannan tana kallon ma'aunin danshi da ke bango, abin da bai taɓa ganin ta yi ba, don ita mai kallon mutum ce a ido.

"To, Malam. Ya taɓa faruwa?"

Kalmar tana bakinsa, gajeriya, ba ta da nauyi. Ya buɗe baki. Sai ya ga Mai Sito yana miƙo littafi, ba na yau ba, na bara, na shekara biyar da suka wuce, na goma, ranar da ake ruwa, ranar da aka yi masa haihuwa, ranar da shayi ya zube. Kwalaye kam ya san ya sa su, ya ƙirga su, ba wanda ya taɓa ɓata. Amma wanne yake riga, hannun ko kwalayen? Ya nemi safiya ɗaya tak da zai iya gani sarai, ya ga kansa yana rufe akwati sannan ya ɗauki biro. Safiyoyin duk sun narke sun zama guda. Yau ma, da ba a nuna masa ba, da ya rantse bai taɓa littafin ba.

"Ban sani ba," ya ce.

Jan Biro ta ce injunan nan sun cika ƙara, ba ta ji ba. 'Yar Yaya ta ce, "Kawu," a hankali, irin yadda ake kiran mai tafiya a bakin rami.

"Ban sani ba, ranki ya daɗe. Ba zan iya cewa a'a ba."

Sannan ta ɗauki biron ta rubuta abin da ya faɗa, kalma uku, ta miƙo masa ya sa hannu. Wannan karon ya karanta kafin ya sa, har sau biyu, ba wanda ya yaba masa.

A baranda yarinyar ta tare shi, idonta ya kawo ruwa, ba na tausayi ba. Ta ce matar nan ta buɗe masa ƙofa har ta riƙe masa labule. Ta ce ita da take murna za ta gaya wa ƙawayenta kawunta yana cibiyar bincike, ko ba komai a san hanyar tana kaiwa wani wuri. Ya ce mata a wannan aiki ba a rubuta abin da ba a tabbatar ba. Ta ce ba rubutawa aka ce ya yi ba, faɗa aka ce ya yi. Ya ce ta je ta karanta ma'aunin rana, lokaci ya yi.

Matarsa ba ta tsayar da keken ɗinki ba sai da ya gama labarin. Idan ta ce Maigida, lafiya lau. Idan ta ce Dakta, akwai magana.

"Dakta, tsakaninka da Allah, gaskiya ce ta riƙe maka baki, ko shafi na arba'in?"

Ashe ta ga shafin. Ya nemi amsar a cikinsa da gaske, ya juya ta nan, ya juya ta can. Ya ce wannan ma bai sani ba. Ta ce lallai ya fara ƙwarewa, sabo dai turken wawa ne, ta ci gaba da ɗinkinta.

Dogo ya yi abin da aboki zai yi. Ya roƙa masa ƙarin mako biyu, ya kira Manaja da kansa, ya tambaya bincike irin wannan kwana nawa yake ɗauka. Manaja ya tura shi wurin Jan Biro, ita kuma ta ce ya danganta da yawan littattafan. Da aka sauko da su daga ɗakin ajiya aka ƙirga, ɗari biyu da goma sha huɗu ne. Dogo ya ce su ci gaba da gaisawa. Gurbin ya tafi ga wata mata da ta zo daga kamfanin man shafawa.

Tunda an dakatar da sa hannunsa, ɗakin ya koma hannun 'Yar Yaya tun kafin ranar da aka sa. Yaya ta zo har gida godiya, ta ce ta san jininsu ba ya tashi a banza, ta kuma nuna masa wani kumburi a gwiwarta.

Sai maganar wanda zai yi binciken. Kowane akwati yana da faifan takarda da ke juyawa a hankali, allura tana zana layin zafi a kansa, mako guda faifai guda. Duk sa'ad da aka buɗe ƙofar akwati zafin yakan ɗan sauka, layin ya yi 'yar lanƙwasa. A ɗauki littafi, a ga ƙarfe nawa aka sa hannu, a nemo faifan makon a ga ƙarfe nawa layin ya lanƙwashe. In lanƙwasar ta riga sa hannu, lafiya. Faya-fayan sun kai dubbai, tawadar wasu ta koɗe, kuma a duk masana'antar mutum ɗaya ne ya iya karanta tsofaffin. Aka shigo masa da ƙaramin tebur aka sa a lungu tsakanin akwati na uku da na huɗu, inda ɗumi ya fi yawa. Shi zai duba ya rubuta da fensir, yarinya ta bi baya ta tabbatar ta sa hannu. Littafi uku a mako, in ba a samu faifan da ya maƙale da ɗan'uwansa ba.

Littafi na farko, lanƙwasa tara da kwata, sa hannu goma saura. Saurayin nan mai "a bayyane yake" ashe mai tsanaki ne. Na biyu haka. Na goma haka. Na ashirin haka. Yarinyar takan sa hannu ta turo masa littafin. Ta daina yi masa tambayoyin sinadarai. Ta kawo kofinta daga gida.

Da aka wuce littafi na talatin ba a samu komai ba, abinci ya fara fita ransa. Bai taɓa tunanin mutum zai iya jin tsoron a wanke shi ba. In aka kai ƙarshe duk littattafan suka fita fes, to amsar a'a ce tun farko, shi ne ya tsaya a bakin buɗaɗɗiyar ƙofa ya ja ta ya rufe, matarsa kuma ta samu amsar tambayarta ba tare da ya buɗe baki ba. Ya fara duba faifan da gilashin ƙara girma, yana bin layin kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa.

A mako na goma sha uku, wata Laraba da rana, ya buɗe littafi na talatin da takwas. Maganin tsutsar ciki, na ruwa. Sa hannu tara da minti biyar. Ya nemo faifan ya sa a ƙarƙashin fitila. Layin ya tafi santal tun asuba, bai lanƙwashe ba sai goma saura minti ashirin. Ya sake dubawa. Ya duba kwanan watan, ya duba lambar akwatin, ya goge gilashin da gefen riga ya sake dubawa. Minti talatin da biyar hannunsa ya riga kwalayen.

Ya kira 'Yar Yaya da muryar da ta sa ta taso da sauri. Ta duba, ta ga abin, ta dube shi. Ta rage murya ta ce tawadar ta koɗe a wurin, ana iya cewa ba a gani sosai. Ya ce ana gani, ya nuna mata da bakin fensir, har ya ba ta gilashin. Ta tambaye shi ko ya san cewa laifi ne ya samo, don fuskarsa ba ta nuna ya sani ba. Ya ce ta dai sa hannu, ta kuma rubuta lokaci.

Ranar bai tsaya hira a bakin ƙofar masana'anta ba. Ya isa gida rana ba ta faɗi ba, ya wuce kai tsaye ɗakin ɗinki ko takalmi bai cire ba. Ya gaya mata an samu, littafi na talatin da takwas, minti talatin da biyar cur, da ya ce a'a ranar nan da ƙarya ya yi. Ya tsaya yana jiran abin da za ta ce.

Ta gama layin da take kai, ta yanke zare da haƙori, ta ɗaga rigar ta duba kafaɗa.

"Madalla, Maigida. Saura nawa?"

Ya ce ɗari da saba'in da shida. Ta ce to ya matsa daga bakin ƙofa, yana tare mata haske.